Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Juriyar Ma'aikaci da Albarkar Aiki a Ƙasar Arewa

Tun wajen shekara ta 2000 wata kalma ta shigo bakin masu tarurrukan ƙara wa juna sani da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, har ta zama kamar gishiri a miyar kowane jawabi. Kalmar ita ce résilience. Asalinta a Faransanci magana ce ta masu gwada ƙarfe, suna nufin yadda ƙarfe ke shan bugu ba tare da ya tsage ba. Likitan ƙwaƙwalwa Boris Cyrulnik, wanda shi kansa maraya ne da ya tsira daga kisan Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya yaɗa ta a Faransa da littafinsa Un merveilleux malheur na 1999, inda ya yi bayanin yaran da suka ga bala'i tun suna ƙanana amma suka tashi suka zama mutane. Daga nan kalmar ta yi ta sauya hannu. Bayan yunwar 2005 masu agaji suka ɗora ta kan ƙauyukan Sahel, masu tafiyar da kamfanoni da ma'aikatu kuma suka ɗora ta kan ma'aikaci. Abin da waɗannan na ƙarshe ke faɗa a taƙaice shi ne: ma'aikacin da zuciyarsa ke jure wahala ya fi sa kansa cikin aiki, wanda ya sa kansa cikin aiki kuwa ya fi kawo amfani, saboda haka a koya wa ma'aikata juriya, aiki ya yi albarka.

Bahaushe bai rasa sunan wannan abu ba balle ya je aro. Yana da dauriya, wadda ake nema ga yaro ranar kaciya da mace a kan gwiwa. Yana da jimiri, na mai doguwar tafiya ko dogon aiki. Yana da naci, na wanda aka kora ya dawo. Sama da su duka akwai haƙuri, wanda aka ce shi ne maganin zaman duniya, aka kuma ce mai shi yakan dafa dutse ya sha romo. Lokacin da Baturen Ingila Anthony Kirk-Greene ya tattara halayen mutumin kirki a ƙasar Hausa cikin ɗan littafinsa na 1974, haƙuri na cikin jerin, tare da gaskiya da amana da kunya da mutunci. To amma Bahaushen nan da ya yabi haƙuri shi ne kuma ya ce haƙurin kaya sai jaki, ya ce tura ta kai bango. Ashe tun tuni ya lura ba kowane haƙuri ne abin yabo ba. Tambayar da ta kamata malamai su yi wa kansu ke nan: shin gaskiya ne juriyar zuciya na ƙara albarkar aiki? In gaskiya ne, daga ina juriyar ke fitowa, kuma wa ke da bakin nemanta ga wani?

Ƙasar Arewa wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya. Daga Dogonkiriya da Sukukutan a arewa, a biyo ta Matankari da Dogon Dutsi da Kiyeshe, har a gangara Koren Mai Ruwa da Tibiri da Gesheme, mutane na rayuwa a kan damina ɗaya ta wata uku zuwa huɗu, wadda ke iya yankewa hatsi na tsakiyar fidda kai. Sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga shekarar 2005. Da an gama girbi samari su kama hanyar cin rani zuwa Najeriya da ƙasashen bakin teku, da hadari ya fara haɗuwa su komo su ɗauki hauya. Ko a tarihi, abin da Arawa ke alfahari da shi ke nan: a watan Afrilun 1899 mutanen Sarauniya ta Lugu suka tari rundunar Voulet da Chanoine, da bindiga ta fi ƙarfin baka suka janye cikin daji, baƙin suka wuce, masu gari suka dawo garinsu. Wanda zai koya wa waɗannan mutane juriya cikin taron kwana uku ya makara.

Sai dai duk manomin Dallol Mawri ya san wani abu game da gawo. Itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: da damina ya kaɗe ganye, da rani, sa'ad da komai ya bushe, shi kuma ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwarsa su ci ƴaƴansa, hatsin da aka shuka a gindinsa ya fi na nesa kyau. Baƙo zai ce gawo jarumi ne mai jure rani. Manomi kuwa ya san saiwarsa ce ta nutsa har ta cim ma ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. A dasa shi kan fako inda saiwa ba ta da hanya, a ga ko jarumtar za ta hana shi tsumburewa. Juriyar ɗan Adam ma haka take, tana da inda take sha. Binciken da ya fi suna a wannan fanni, wanda Emmy Werner ta yi a tsibirin Kauai na Amurka, ya bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka girma. Cikin waɗanda suka taso a gidajen talauci da rikici, kusan ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu, kuma abin da aka yi ta gani a tarihinsu shi ne kowane ya sami wani babba, kaka ko gwaggo ko malami ko maƙwabci, wanda ya riƙe shi da muhimmanci. Masu sayar da darussan juriya sukan tsallake wannan sashe na labarin.

A wannan yanki, ma'aikacin albashi da ya fi yawa, wanda ake samu har ƙauyen da babu likita babu jandarma, shi ne malamin lakwal. Shi ya sa ya fi dacewa a auna maganar a kansa. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 da shekarun da ma'aikatan gwamnati suka yi ta bin bashin albashi, Nijar ta sami kanta da ɗimbin yara ba makaranta, baitulmali kuma ba kuɗin ɗaukar malamai bisa tsarin da aka saba. A 1998 aka fara ɗaukar ƴan sa-kai na ilimi, ana ba su jikka 35 a wata. Da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi ya kankama a 2003, suka zama ƴan kwantaragi, suka yi ta ƙaruwa har suka haura kashi uku cikin huɗu na malaman firamare. Ba a musun amfanin da aka samu: adadin yaran da ke shiga firamare ya tashi daga kusan kashi 34 cikin ɗari a 2000 zuwa sama da kashi 70 a 2010. Ƙauyuka da yawa na Arewa a lokacin ne suka fara ganin allo da alli. Bayan yaje-yajen aiki masu yawa, kuɗin ya kai jikka 75 a firamare cikin shekarun 2010. Abin lura, ba a kiran kuɗin nan albashi a takardun hukuma, pécule ake ce masa. Wanda ya leƙa asalin kalmar zai iske ta fito daga Latin, inda take nufin ɗan abin da ubangida ke bar wa bawansa ya tara. Mai yiwuwa waɗanda suka zaɓe ta ba su yi wannan tunani ba, amma kalma takan riƙe warin tukunyar da aka dafa ta.

A dubi rayuwar irin wannan malami a waɗancan shekaru. Saurayi ne ko budurwa, sau da yawa da horon ƴan makonni kawai, an tura shi ƙauyen da bai san kowa ba. Ajinsa rumfar kara ce, wadda ba ta tsayuwa sai an gama girbi an sami karan, ga shi kuwa an ce a koma makaranta tun Oktoba. Yara sittin ko fiye a zaune kan rairayi, littafi ɗaya hannu biyar. Ƙarshen wata ya zo, kuɗi ba su zo ba. In sun zo, sai ya rufe aji ya nemi mota ko babur zuwa babban gari, ya kwana biyu ko uku yana layi. Mai kanti na binsa, mai ɗaki na binsa, a gida kuma iyaye na jiran ɗansu ma'aikaci ya aiko. Bai san shekarar da za a ba shi lambar zama cikakken ma'aikaci ba. Duk wanda ya kai wa kuka, amsa ɗaya ce: a yi haƙuri.

Nan ne ake bukatar rarrabewa, domin haƙuri biyu ne masu kama da juna a fuska. Akwai na mutumin da ke jure wahala saboda yana ganin abin da yake ginawa. Shi wannan da dare yakan kunna fitila ya shirya darasin gobe, ya yanka kwali ya rubuta baƙaƙe, ya bi yarinyar da ta daina zuwa har gidansu ya ji dalili. Akwai kuma na mutumin da ya daina sa rai. Shi ma ba ya faɗa da kowa, ba ya ƙin zuwa aiki, in mai duba makarantu ya zo zai same shi a tsaye gaban allo. Amma ya rubuta darasi ya ce a kwafa, ya koma bakin ƙofa yana duban hanya. Jikinsa na aji, zuciyarsa ta daɗe da yin cin rani. Shugaban da ke auna ma'aikata da yawan shirunsu zai fi son na biyun, don ba ya damun kowa. Ga takarda duka biyun masu haƙuri ne, a kan yara kuwa tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta Dogon Dutsi da Yamai.

Masana sun ba wannan mutuwar zuciya suna. Herbert Freudenberger ya bayyana ta a 1974, kuma a kan ƴan sa-kai na wani asibitin kyauta a birnin New York ya fara ganinta, ya lura cewa waɗanda suka fi ba da kansu su ne ke fara ƙonewa. Christina Maslach ta zo ta fayyace alamunta uku: ƙarfin zuciya ya ƙare, mutum ya yi sanyi ga waɗanda yake yi wa aiki har ya riƙa ganinsu kamar kaya, sannan ya ji aikinsa ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta, ta ce aba ce da ke tasowa daga wahalar wurin aiki wadda aka bari ta daɗe ba a magance ba. Johannes Siegrist kuma ya nuna a 1996 cewa abin da ke cin ma'aikaci shi ne rashin daidaito tsakanin ƙoƙarin da yake bayarwa da sakamakon da yake samu, sakamakon kuwa iri uku ne: kuɗi, da girmamawa, da tabbacin gobe. Mai karatu ya ɗora wannan ma'auni kan ɗan kwantaragi ya ga wanne cikin ukun ya samu cikakke.

Amfanin gonar malami shi ne yaron da ya iya karatu. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna a Nijar, cikin yara goma da ke gama firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matakin da ake bukata a karatu. A 2019 abin ya gyaru zuwa kusan uku cikin goma. Zalunci ne a ɗora wannan duka kan zuciyar malami, ga yunwa, ga rashin littattafai, ga koyar da yaro da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Amma akwai wani bincike da ya kamata a tsaya a kansa. Jean Bourdon da Markus Frölich da Katharina Michaelowa sun kwatanta malaman kwantaragi a Mali da Togo da Nijar, suka buga sakamakon a 2010. A Mali sun iske yaran ƴan kwantaragi sun fi ci gaba, a Togo abin ya cakuɗe, a Nijar kuwa ya zama koma baya. Ba a ce malaman Mali sun fi na Nijar kuɗi ko ƙarfin hali ba. Bambancin da masu binciken suka nuna shi ne, a Mali da yawansu mutanen gari ne suka ɗauke su, suna ganinsu kullum, suna sa ido a kansu. A Nijar kuwa daga sama aka tsara abin gaba ɗaya, aka rarraba mutane kamar buhunan taki.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san noma. Saurayi na aiki a gandun gidansu, yana kuma da gamanarsa, wadda wasu ke kira gayauna. Ƙarfinsa ɗaya ne, hauyarsa ɗaya, rana ɗaya ke dukansa, amma kowa ya san inda yake ƙara sa'a guda bayan la'asar ba tare da an ce masa ya yi ba. A ranar gayya kuma, mutumin da jiya ya gaji tun hantsi sai ga shi yana kai kunya bayan kunya har azahar, saboda makaɗi ya kira sunansa da na ubansa, saboda tsaransa na kallo, saboda fura na zuwa a kan kari. Babu wanda ya koya masa juriya tsakanin jiya da yau. Likitan Faransa Christophe Dejours, mai littafin Travail, usure mentale na 1980, ya ce wahalar aiki takan zama abin alfahari in an shaida ta, shaidar kuma iri biyu ce: ta shugaba, mai cewa aikin nan ya yi amfani, da ta abokan sana'a, masu cewa aikin nan ya yi kyau. Ta biyun ta fi daraja, don su ne suka san wuyar abin. Sarautar sarkin noma ba komai ba ce illa wannan shaida da aka naɗa wa rawani.

To, kada a ɗauka an wanke ma'aikaci tas. Akwai mai cewa: ga malamai biyu a ƙauye ɗaya, kuɗinsu ɗaya, jinkirinsu ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na barci, ashe hali ma na da nasa rabo. Gaskiya ne. Wanda ya karɓi aji ya karɓi amana, kuma ɗan shekara bakwai da ke zaune kan rairayi ba shi ya riƙe kuɗin kowa ba. Huce haushin baitulmali a kan yaro zalunci ne da ba ya da suna mai daɗi, ko da wanda ya yi shi ma an zalunce shi. Akwai kuma wanda ya shiga koyarwa don ya rasa abin yi, yana jiran wata ƙofa ta buɗe. Irin wannan ko an biya shi ranar 25 ga wata ba zai kunna fitila ba. Jarrabawar da gwamnati ta yi wa ƴan kwantaragi a 2017, wadda kusan ɗaya cikin uku kawai suka sami matsakaicin maki, aka sallami wasu aka maida wasu horo, ta tono wani rauni na gaske da ƙungiyoyin malamai ba su so a taɓa ba. Sai dai malamin nan mai aiki, in aka bincika, galibi za a tarar yana da inda yake sha: darekta mai sauraro, ko mai gari da ya ba shi ɗaki da gona, ko abokan adashi, ko tsohon malaminsa da yake tunawa, ko imaninsa. Kuma ƙasa ba ta gina makarantunta a kan zaton kowane ma'aikaci waliyyi ne.

Abin da ya fi nauyi a wannan magana shi ne bakin da kalmar ke fitowa. In maƙwabci ya ce wa wanda aka yi wa rasuwa ya yi haƙuri, ta'aziyya ce, don ba shi ya kashe ba kuma ba ya iya tayarwa. In wanda ake bi bashi ya ce wa mai binsa ya yi haƙuri, alhali yana da halin biya, kalmar ta tashi daga nasiha ta koma abin toshe baki. Malaman addini da ke karantar da falalar haƙuri su ne kuma ke kawo hadisin da ya yi umurni a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba, da wanda ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Ba a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ƙasashen da suka ƙirƙiro darussan juriya ma sun ga inda abin ke kaiwa in an bar shi a hannun shugabanni kaɗai: a kamfanin France Télécom ma'aikata da dama sun kashe kansu a 2008 da 2009, a 2019 kuma kotun Paris ta sami tsofaffin shugabannin kamfanin da laifin matsa wa ma'aikata da gangan, a matsayin tsarin aiki. Mutumin Arewa ba ya kai kansa nan da sauƙi, addini da dangi na riƙe shi. Nasa salon shi ne ya yi shiru, ko ya nemi canjin wuri zuwa birni, ko wata safiya a ji ya tsallaka iyaka ya kama kasuwanci a Kabi.

Ba kowane magani ne ke jiran Yamai ba, ko da yake biyan haƙƙi a kan lokaci da buɗe hanyar zama cikakken ma'aikaci can suke, kuma babu abin da ke maye gurbinsu. Tarurrukan CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa, an kafa su don gyaran koyarwa, amma babban amfaninsu a ƙauye shi ne malami ya ga ɗan'uwansa, ya gabatar da darasi gaban waɗanda suka san wuyarsa, wani ya ce masa wannan dabara taka zan ɗauka. Inda aka maida su zaman cika takarda da jiran kuɗin zama, an yi asarar gayya guda. Kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, da aka yaɗa a faɗin ƙasa tun tsakiyar shekarun 2000, da ƙungiyoyin iyaye mata, su ma suna iya zama idon gari da hannunsa, ko su zama suna a kan takarda. Ƙungiyoyin al'adu kuwa, masu shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa da kokawa, sun saba kiran sunan ɗan kokawa da mai kuɗi da ɗan siyasa a fili. Da wuya a ji sun kira na matar da ta shekara takwas tana koyar da ajin farko a wani ƙauyen Dankasari.

A farkon kowane Oktoba motocin kasuwa na sauke sababbin malamai a bakin hanya da katifa da jaka da ɗan buhun shinkafa. Wani in ya isa ƙauyen zai iske an share masa ɗaki, an aje masa tulu, mai gari ya aiko da tuwo, samari sun yi alkawarin kara da zarar an yanke hatsi. Wani kuma zai kwana uku a rumfar makaranta kafin a tambaye shi sunansa. Su biyun takarda ɗaya suka sa wa hannu, kuma a ƙarshen shekara fom iri ɗaya mai duba makarantu zai cika a kansu.